Kine da motsa jiki: abin da ya kamata kowane gida ya sani, daga jariri har tsoho

A gidaje da yawa na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai ɗakin da aka kwantar da wani: dattijon da tansiyo ta kayar, ɗan kabu-kabun da ya karye a cinya, ko tsohuwar da ciwon gwiwa ya hana fita. Iyali suna iyakar ƙoƙarinsu. A ba shi abinci a baki, a ɗaga shi, a kwantar da shi, a hana shi ko miƙa hannu ya ɗauki buta don kada ya wahala. Bayan wata shida sai a tarar hannun ya ƙage, ƙafar ta tsotse, mutumin da likita ya sa ran zai tashi ya zama na kwance. Sau da yawa cutar farko ta riga ta yi tata ɓarnar ta wuce, doguwar kwanciya ce ta ƙarasa sauran. Akwai fannin aikin likita da aka keɓe don hana faruwar haka, shi ne wanda ake kira kine.

Mece ce kine?

Kine gajeren suna ne na kalmar Faransanci kinésithérapie, wadda ta samo asali daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin motsi, ɗaya na nufin jiyya. Wato jiyya da motsi. A ƙofar sashen, cikin asibiti, akan ga an rubuta Kinésithérapie ko Rééducation. Mutanen Najeriya sun fi cewa fisiyo ko gashin ƙashi, amma aikin ɗaya ne.

Sana'ar ta daɗe. A shekarar 1813 Per Henrik Ling ya buɗe makarantar koyar da motsa jiki a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, inda ake koyar da motsi a matsayin magani. Yaƙe-yaƙen duniya biyu da annobar shan inna sun bar dubban mutane da naƙasa, abin da ya sa sana'ar ta bunƙasa. A Faransa, dokar 30 ga Afrilu 1946 ce ta kafa takardar shaidar ƙasa ta wannan aiki. An kafa ƙungiyar ma'aikatan kine ta duniya a 1951, kuma ranar 8 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar kine ta duniya.

Ma'aikacin kine yakan fara da awo: nawa gaɓa ke iya lanƙwasawa, wace tsoka ce ta raunana, yaya mutum ke zama, tashi da tafiya. Daga nan sai ya tsara atisayen da ya dace da wannan majiyyacin. Yana iya haɗawa da tausa, gashi da ɗumi ko ƙanƙara, ko na'urar lantarki mai tayar da tsoka, amma waɗannan mataimaka ne. Ginshiƙin aikin shi ne motsin da majiyyaci ke yi da kansa, yana maimaitawa kullum. Wanda ya je aka murza shi ya ji daɗi ya koma gida ya kwanta har sati ya zagayo, bai samu rabin amfanin ba.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutum miliyar 2 da miliyan 400 a duniya suna da lalurar da irin wannan jiyya ta farfaɗo da jiki za ta amfana, wato kusan mutum ɗaya cikin uku.

Abin da kwanciya ke yi wa jiki

Jiki yana riƙe abin da ake amfani da shi, ya saki wanda aka bari. Tsokar da ba ta aiki takan fara ramewa tun cikin satin farko, kuma ramewar ta fi sauri ga tsofaffi. Gaɓar da ba a lanƙwasa ba takan sandare cikin ƴan makonni, domin naman da ke kewaye da ita yana taƙurewa. Jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa, gudan ya tafi huhu. Majina na taruwa a ƙirji ta zama ciwon huhu. Fatar da nauyin jiki ya danne a kwankwaso, ɗuwawu da diddige takan mutu ta zama gyambo mai wuyar warkewa. Saboda haka ne a asibitoci ake tayar da wanda aka yi wa tiyata da wuri, wani lokaci washegari, da zarar likita ya ba da izini.

Shanyewar ɓarin jiki

Wannan ita ce cutar da likitoci ke kira AVC. Tana faruwa idan hanyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne babban mai jawo ta. Alamunta na zuwa farat ɗaya: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe. A irin wannan hali asibiti ake nufa nan take. Addu'a ba ta hana ɗaukar mota. Kada a ɗura wa mutumin ruwa, fura ko rubutu, domin haɗiya na iya lalacewa, abin ya bi hanyar numfashi.

Kine na farawa tun majiyyaci na kan gadon asibiti, cikin kwanakin farko. Ƙwaƙwalwa tana da baiwar koya wa sassan da suka tsira aikin wanda ya lalace, amma sai da maimaici mai yawa. Saurin warkewa ya fi yawa a watanni uku na farko, yana ci gaba a hankali bayan haka. Iyalin da suka shafe waɗannan watanni suna yawon neman magani daga wannan gari zuwa wancan, sai daga baya su zo kine, sun bar lokaci mafi tsada ya wuce.

Abubuwan da mai jiyya zai kiyaye a gida ba su buƙatar kuɗi. A riƙa juya wanda ba ya iya juya kansa kamar kowane awa biyu. A tallafe hannun da ya shanye da matashi, yatsu a buɗe. Kada a taɓa jan mutum ta wannan hannun don tayar da shi, domin kafaɗar ba ta da tsokar da za ta riƙe ta, tana iya gocewa ta bar masa ciwon da zai daɗe. A riƙa lanƙwasa kowace gaɓa ana miƙe ta a hankali, sau da yawa a yini. A zaunar da shi, a fito da shi tsakar gida cikin mutane. Sannan abin da ya fi wuya ga mai tausayi: a bar shi ya yi abin da zai iya, ko da zai ɗauki minti goma yana sa riga, ko ya zubar da rabin kunun. Maganin tansiyo kuwa ba a daina shi don an ga sauƙi.

Karaya, ɗori da ƙuna

Haɗarin moto ya sa karaya ta yawaita a birane, kuma mutane da dama maɗori suke fara nufa. Sana'a ce ta gado da jama'a suka yarda da ita, sai dai akwai karayar da ta fi ƙarfinta: wadda ƙashi ya huda fata, wadda ta shiga cikin gaɓa, ta kwankwaso, ta ƙashin baya, da ta gwiwar hannun yaro. Waɗannan suna buƙatar hoton radiyo da likitan ƙashi. Ko a ina aka ɗaure karaya, idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi ko suka daina ji, ko ciwo ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, ɗaurin ya toshe jini. A sassauta shi a tafi asibiti a ranar, domin ta wannan hanya ake rasa hannu ko ƙafa.

Haɗewar ƙashi rabin aiki ce. Gwiwar da ta yi wata biyu a miƙe ba za ta lanƙwashe da kanta ba, kuma mai ita zai gane haka ranar da ya zo zaman tahiya ko tsugunno. Kine ce ke maido da lanƙwasar da ƙarfin tsoka, ta kuma koya wa mutum amfani da sandunan dogarawa da lokacin da zai fara taka ƙafar.

Haka abin yake ga ƙuna, wadda ke yawaita lokacin hunturu da yara ke kewaye wuta. Tabon ƙuna yana janyewa yayin da yake warkewa. In ba a miƙe gaɓar ana motsa ta ba, yatsu na iya mannewa da tafi, ko haɓa ta manne da ƙirji.

Ciwon baya da na gwiwa

A 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu da ƙasan baya a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki. Mafi yawansa yana lafawa cikin ƴan makonni. Shawarar likitoci a yau ita ce mutum ya ci gaba da harkokinsa daidai ƙarfinsa, domin kwanciyar kwana da kwanaki tana tsawaita ciwon. Shan ƙwayoyin kashe ciwo na ƴan tebur wata da watanni yana illa ga ciki da ƙoda, wasu kuma, irin su tramol, suna kama mutum.

Akwai ciwon bayan da ba a jira da shi: wanda ya zo da raunin ƙafa, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, ko zazzaɓi da rama da ciwon da ke tayar da mutum cikin dare. Tarin fuka yana iya cin ƙashin baya har ya fito da doro, kuma wannan maganin tarin fuka yake buƙata kafin komai.

Ga gwiwar da ta goge saboda shekaru, ƙarfafa tsokar cinya da rage ƙiba suna rage ciwo ƙwarai. Tafiya daidai misali ba ta cinye gwiwa.

Yara

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jaririn da ya kai wata huɗu wuyansa bai tsaya ba, ko ya kai wata tara bai zauna ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba, ya kamata ma'aikacin lafiya ya duba shi. Doguwar naƙuda, shawara mai tsanani a kwanakin farko, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa suna iya barin yaro da jiki a sandare ko a sake. Kine ba ta maido da abin da ya lalace a ƙwaƙwalwa, amma tana koya wa yaron zama, cin abinci, wani lokaci har tafiya, tana kuma hana gaɓoɓinsa ƙagewa. Uwa ce babbar ma'aikaciya a nan, domin ita ke tare da shi kullum.

Kusan jariri ɗaya cikin dubu ake haifa da ƙafa a murɗe ciki, abin da likitoci ke kira pied bot. Ana gyara ta da dabarar Ponseti: a riƙa miƙe ƙafar ana ɗaure ta da simintin asibiti, ana canzawa kowane sati kamar sau biyar zuwa takwas, sau da yawa a ɗan yanka agarar diddige, sannan yaron ya riƙa sa takalmi na musamman, daga baya da dare kawai, har ya kai shekara huɗu ko biyar. In an fara a makonnin farko kuma ba a yar da takalmin ba, yawancin yaran suna tafiya da gudu kamar kowa.

Wani abin da ke gurgunta yara shi ne allurar da aka yi a ɗuwawu ba a wurin da ya dace ba, ta soki babbar jijiyar ƙafa. Don haka ba a miƙa yaro ga wanda bai koyi aikin ba ya yi masa allura. An ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji ranar 25 ga Agusta 2020, amma har yanzu ana rigakafi, kuma duk yaron da bai kai shekara 15 ba da hannunsa ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kai shi CSI ba tare da ɓata lokaci ba. A cibiyoyin CRENI da ake jiyyar tamowa ma, wasa da motsa yaro suna cikin magani, kamar madara.

Mata

Ciki da haihuwa suna sassauta tsokar da ke riƙe mafitsara da mahaifa. Matar da fitsari ke kufce mata in ta yi tari ko dariya takan ɓoye don kunya, alhali atisayen matse wannan tsoka, kamar mai riƙe fitsari, sau da yawa a yini na tsawon wata uku, yana taimaka wa da yawa. Wannan daban yake da yoyon fitsari na doguwar naƙuda, wanda tiyata yake buƙata. Doguwar naƙuda tana iya danne jijiya har mace ta riƙa jan ƙafa bayan haihuwa, wannan ma aikin kine ne. Mai jegon da ke haki, ƙafafunta na kumbura, likita za ta gani da gaggawa, domin yana iya zama ciwon zuciya.

Mai lafiya fa, nawa zai motsa?

Motsin da ke tayar da na kwance shi ne kuma ke hana mai lafiya kwanciya. Yana rage hawan jini, yana taimaka wa jiki sarrafa sukari, yana rage haɗarin ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da wasu nau'o'in kansa, yana gyara barci, yana rage damuwa. Duk da haka OMS ta ce a 2022 kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, kimanin mutum miliyar 1 da miliyan 800, ba sa yin motsin da ya ishe su. A tsakanin ƴan shekara 11 zuwa 17 abin ya kai kusan kashi 80 cikin 100. Ga ma'aunin da hukumar ta fitar a 2019 da 2020.

Jaririn da bai kai shekara ba: a riƙa kifa shi a kan cikinsa yana farke, jimillar aƙalla minti 30 a yini, ana kallonsa. Goyo yana da amfani, amma kada ya wuce awa ɗaya a jere ba a sauke shi ya wutsila ba.

Shekara 1 zuwa 4: aƙalla minti 180 na wasa a yini. Daga shekara 3, minti 60 daga ciki ya zama na guje-guje. Ɗan ƙasa da shekara 2 ba a ba shi salula ko tele ya kalla, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya.

Shekara 5 zuwa 17: minti 60 kowace rana na motsi mai sa haki. Langa, ƙwallo, tsallen igiya, wasan gaɗa da kokowa duk suna ciki. Ƙasar da gasar takobi ke tsayar da harkoki tun da aka fara ta a Tawa a 1975 ba ta rasa wasannin da za ta ba yaranta ba. Abin da ake rasawa shi ne fili da lokaci, musamman ga ƴan mata.

Shekara 18 zuwa 64: minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a sati. Minti 30 sau biyar ya cika ma'aunin farko, kuma ana iya rarraba shi. Matsakaici shi ne wanda mutum zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Mai ƙarfi shi ne wanda kalma biyu ko uku kawai za su fito kafin a ja numfashi.

Shekara 65 zuwa sama: ma'aunin manya, a ƙara da atisayen hana faɗuwa kwana uku a sati. Misali tashi daga kujera a zauna sau goma ba tare da dafawa ba, ko tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango. Karayar kwankwaso na cikin abubuwan da ke kwantar da tsoho har ƙarshen rayuwarsa, kuma faɗuwa ce ke kawo ta.

Mai ciki da mai jego: aƙalla minti 150 a sati na motsi matsakaici, matuƙar ba a hana ta a wurin awo ba.

Aiki da zama

Manomi, ɗan ga-ruwa, ɗan dako da matar da ke daka da surfe sun wuce wannan ma'auni nesa. Abin da suke buƙata shi ne hutu da iya ɗaukar kaya: a lanƙwasa gwiwa, a jawo kayan kusa da jiki, kada a murɗa ƙugu da nauyi a hannu.

Ma'aunin ya fi shafar waɗanda birni ya zaunar: mai shago, ma'aikacin biro, tela, direba, ɗan kabu-kabu, matashin da ke yini a fada ana shayi, da matar da injin niƙa da famfo suka sauƙaƙa wa aiki kuma ba ta cika fita ba. Irin waɗannan sukan kwana da gajiya, amma gajiyar zama ce, zuciya ba ta yi aiki ba. Ga kuma al'adar ɗaukar tumbi alamar wadata, da kunyar a ga babban mutum yana tafiya a ƙasa a ce motarsa ta lalace. Tafiya masallaci ko kasuwa da ƙafa, da sauri, tana cikin lissafi. Mace na iya zagaya tsakar gida, ta yi tsallen igiya ko rawa a ɗakinta. Mai dogon zama ya riƙa miƙewa yana ɗan takawa a kai a kai. Wanda bai saba ba ya fara da minti goma ya riƙa ƙarawa, sannu ba ta hana zuwa.

Zafi, ƙura da azumi

A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bayan asuba ko bayan faɗuwar rana ake fita, da ruwa a hannu. In ƙurar hunturu ta yi yawa, mai asma ya yi nasa a cikin gida. A watan azumi ya fi dacewa a bari sai bayan buɗa baki. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura ya riƙe dabino ko sukari a aljihu, ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa in ya dawo. Mai sikila ya guji motsi mai tsanani da ƙishirwa. Mai ciwon zuciya, ko wanda tansiyonsa bai daidaita ba, ya fara ganin likita. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko hakin da ya wuce misali, ya tsaya nan take ya nemi asibiti.

Ina ake samun kine?

Ma'aikatan kine kaɗan ne a Nijar, kuma yawancinsu suna manyan birane. Akwai sashen a asibitin ƙasa na Yamai da na Damagaram da wasu manyan asibitocin jihohi, da kuma wuraren masu zaman kansu. Asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 ya ƙware kan gyaran ƙafafu da tabon ƙuna. Akwai kuma asibitin Galmi a jihar Tawa, da cibiyar Danja kusa da Maradi, wadda aka sani da kula da masu kuturta da mata masu yoyon fitsari. Hanyar da aka saba ita ce a fara daga CSI ko wurin likita, shi ya rubuta takardar turawa.

Tun da nisa da kuɗin mota ba sa barin kowa ya riƙa zuwa kullum, yana da kyau majiyyaci ya je da wanda zai riƙa jiyyarsa a gida. A nemi ma'aikacin ya nuna atisayen, mai jiyya ya gwada a gabansa, in da hali a ɗauka a salula. A tambayi sau nawa za a yi a yini, wane motsi ne aka hana, wace alama ce za ta sa a dawo da gaggawa, da ranar da za a komo a sake awo. Zama ɗaya ko biyu a sati ne na asibiti. Sauran kwanakin na gida ne, kuma a cikinsu ne akasari ake sanin ko mutum zai tashi.